Tambayoyi da amsoshi kan abinci mai gina jiki, daga tukunyar gidan Basakkwace

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ba sa ƙarewa a bakin mutane, ko a layin awon ciki, ko a wurin rigakafin yara, ko a majalisar magidanta bayan la'asar. An amsa su da abin da ake samu a Kasuwar Daji da Tsohuwar Kasuwa da rumbun gida, domin mai cefanen yau da gobe ba shi da abin yi da shawarar da sai a kantunan Abuja za a iya bin ta.

Iyalina ba sa kwana da yunwa. Don me ake ce mini yarana ba sa samun abinci mai gina jiki?

Maigida, babu wanda ya raina ƙoƙarinka. Abin da ake nufi shi ne ciki yana cika da kowane irin abu, amma jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa kowanne da abin da yake jira. Yaron da ya sha koko da safe, ya sha fura ba nono da rana, ya ci tuwo da miya tsululu da dare, ya ci sau uku, amma hatsi ɗaya ya ci cikin kamanni uku. Masana suna kiran wannan ɓoyayyar yunwa, saboda mai ita ba ya kukan yunwa, sai dai a ga yana yawan ciwo, tsawonsa bai kai na sa'o'insa ba, karatu na yi masa nauyi.

Duk wanda ya taɓa turke rago don Babbar Sallah ya san wannan ilimi ba tare da an karantar da shi ba. Ba ya ba shi kara zalla, sai ya haɗa da harawa da dusa, ya ajiye masa kanwa yana lasa, kuma yana duba gashinsa da idonsa don ya san ko abincin ya karɓe shi. Irin wannan lura ce jikin ɗan Adam yake bukata, kuma shi ya fi cancanta da ita.

To, abubuwan da jikin ke nema guda nawa ne?

Ana kasa su gida 6. Uku ana bukatarsu da yawa: masu ba da ƙarfi, wato kabohaidiret, irin su gero da dawa da maiwa da shinkafa da masara da rogo da dankali, sai furotin mai gina tsoka da gyara abin da ya lalace a jiki, sai mai da kitse. Biyu kuma kaɗan ake bukata, amma rashinsu ke kwantar da mutum: bitamin, da ma'adinai irin su ayon da kalsiyam da aidin da zink. Na shida ruwa.

Ƙarfin da abinci ke bayarwa da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na kabohaidiret yana ba da kalori 4, furotin ma 4, mai kuwa 9. Babban mutum yana bukatar wajen kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana, amma wanda ya wuni yana ban ruwan albasa a fadamar Wurno ko Goronyo ya fi ma'aikacin ofis bukata nesa ba kusa ba. Akwai kuma dusar hatsi da zaren ganye, wadda jiki ba ya narkarwa amma take sa bayan gida ya zo da sauƙi, take kuma rage saurin hawan sukari a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 nata a rana.

Mun tashi da tuwon gero da fura. Shin shinkafa da taliya sun fi su ne?

Ko kusa. Gero ya fi farar shinkafa ayon da zink da dusa, kuma ya fi riƙe ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya har shekara guda ta keɓe wa dangin gero, wato 2023, don a jawo hankalin duniya ga hatsin da mu nan wasu suka fara yi wa kallon abincin ƙauye. Taliyar yara ta leda kuwa, wadda ta zama abin burgewa a gidaje, fulawa ce da mai da gishiri, sai fa in an sa mata ƙwai da ganye.

Inda ake asara shi ne wurin surfe. Mafi yawan bitamin da ma'adinan ƙwayar hatsi suna jikin bayanta ne, don haka idan aka surfe ta fes aka wanke sau da yawa, rabon akuya ya fi na mai gida. A rage surfen. Jiƙa hatsi ya kwana ko a bar gasara ta yi tsami kuwa dabara ce mai kyau da iyayenmu suka bar mana, domin tana karya wani sinadari da ke cikin hatsi wanda ke riƙe ayon da zink ya hana hanji tsotse su.

Nama ya yi tsada. Ina talaka zai samu furotin?

Abin takaici ne a garin Sakkwato da ke da kasuwar Kara cike da shanu da raƙuma da jar akuyar da sunanta ya zaga duniya a ce nama ya gagari mutane, amma haka lamarin yake. Sai dai furotin bai tsaya ga nama ba.

Babban mutum yana bukatar kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana neman wajen giram 48 a rana. Mai ciki da mai shayarwa da wanda ya tashi daga jinya sun fi haka. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Busasshen wake giram 100 yana da fiye da giram 20. Ƙuli-ƙuli, in aka auna nauyi da nauyi, ya fi ɗanyen nama furotin, tunda an matse man an bar tsabar abin. Ga awara, ga nono da kindirmo, ga ƙananan busassun kifi, ga fara wadda Sakkwatawa ba sa bukatar a koya musu cin ta. Daddawa ma tana ƙarawa, ko da yake kaɗan ake sawa.

Akwai wani sirri a nan. Furotin an gina shi ne da wasu ƙananan sinadarai guda 20, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su da kansa, dole daga abinci za su zo. Nama da ƙwai da nono suna ɗauke da su duka daidai gwargwado. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya, wake yana da ƙarancin wani, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Shi ya sa shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ko tuwo da miyar wake, ko kunun gyaɗa, suke yin abin da kowannensu ba zai yi shi kaɗai ba. Fura da nono ita ce sarauniyar wannan haɗi. Furar da aka dama da ruwa da sukari kuwa rabin abinci ce.

Mai yana da illa, ko ba shi da ita?

Jiki na bukatarsa. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jini sai da mai, saboda haka kwaɗon zogale da aka sa wa ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi wanda aka ci gaya amfani. Ga ƙaramin yaro kuma, cokali ɗaya na mai a kununsa yana ƙara masa ƙarfi ba tare da ya cika masa ciki ba.

Matsalar tana ga yawa da kuma iri. Kitsen dabba da tozo da man shanu, in suka zama na kullum, suna taimakawa wajen toshe hanyoyin jini, musamman ga wanda shekaru suka fara ja kuma ba ya aikin ƙarfi. Man da aka soya abu da shi aka sake soyawa har ya yi baƙi, a zubar.

An ce matata ba ta da jini. Maltina da madara za su ƙara mata?

Za su ƙara mata sukari. Jini kuwa da ayon ake gina shi, kuma wannan haɗi da ya yi suna ba shi da wani ayon na a zo a gani. Kuɗin da ake kashewa a kansa da hanta ko wake ko kifi aka saya da ya fi.

Ƙarancin jini ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, yara ƙanana kuma kashi 68. Alamominsa sanannu ne: kasala, jiri, bugun zuciya, haki daga ɗan aiki kaɗan, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Wasu matan sukan kamu da kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa, wanda shi kansa alama ce. Mace mai ƙarancin jini idan ta zubar da jini wurin haihuwa, abin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita.

Ayon iri biyu ne. Na jikin nama da hanta da kifi hanji yana karɓarsa da sauƙi. Na wake da gero da ganyaye yana da wuyar shiga, sai an yi masa rakiya da bitamin C: lemon tsami, tumatir, tattasai, gwaiba, garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana ɗaure ayon ya wuce da shi. Wanda ya saba kora abinci da shayi mai kauri ya jinkirta kamar awa guda. Ba a ce a bar shayi ba, an san ba za a bari ba.

Mai ciki abinci kaɗai ba ya isarta. Shi ya sa ake ba da ƙwayar ayon da folik asid, wani nau'in bitamin, a wurin awo, ayon miligiram 30 zuwa 60, folik asid maikurogiram 400, kullum. Ƙwayar tana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci da tashin zuciya, kuma wannan ba dalilin ajiye ta ƙarƙashin katifa ba ne. A sha bayan abinci. Maganar cewa tana sa jariri ya yi girman da zai gagari haihuwa ba ta da tushe. Folik asid ɗin ya fi amfani in an fara shi tun kafin ciki ya shiga, domin lakar jariri tana haɗuwa ne cikin watan farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. A tuna kuma zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cin jini, don haka gidan sauro na cikin maganin.

Yaro ba ya gani sosai da magariba. Wannan ma abinci ne?

Sau da yawa, i. Dundumi yana cikin alamomin farko na ƙarancin bitamin A, kuma in aka ƙyale shi idon yana bushewa har ya mutu. Ƙarancin yana kuma raunana garkuwar jiki, shi ya sa ƙyanda da gudawa suke fi kayar da irin waɗannan yara. Ana samun bitamin A a manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, zogale, alayyafo, gwaiduwar ƙwai, da hanta. Lokacin mangwaro a bar yara su sha, maganar cewa shi ke kawo zazzaɓi zafin bazara ne aka ɗora masa. A dai wanke.

Ɗigon nan da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara, bitamin A ne. Tun farkon shekarun 2000 kuma doka ta wajabta a sa shi cikin man girki da sukari da fulawar da kamfanoni ke fitarwa, kuma ana gane su da hoton ido a jikin leda ko galan. Mai ciki dai kada ta mai da hanta abincin kullum, domin bitamin A ɗin cikinta yana da yawa ƙwarai, kuma yawansa na cutar da ɗan tayi.

Gishiri fa? Wasu na cewa a rage, wasu na cewa akwai magani a cikinsa.

Duka biyun gaskiya ne. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Rashin aidin ne ke kawo maƙoƙo, kuma abin da ya fi maƙoƙo muni shi ne yadda yake daƙile ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. A sayi gishirin leda, a ajiye shi a rufe, domin wanda aka baje a faranti rana na dukansa aidin ɗinsa na gudu.

Amma giram 5 a rana ya ishi babba, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da yajin tsire da kilishi. Dunƙulen miya mafi yawansa gishiri ne. Uwargida ta jefa biyar ko shida a tukunya, ta ƙara gishiri, ta kawo farin magi, sannan a yi mamakin hawan jini ya kama maigida yana ɗan shekara 40. A dawo wa daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, a rage dunƙulen a hankali; harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Kanwa ma dangin gishiri ce a jiki. Tana sa wake ya nuna da wuri, ta sa miyar kuɓewa yauƙi, amma tana kashe wasu bitamin. Jiƙa wake tun dare ya fi. Game da mai jego kuwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta hakan da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Binciken da ya biyo baya ya nuna rashin abinci mai kyau da ƙarancin wani ma'adini mai suna seleniyam ma suna da hannu. Ko ma mene ne, Inna, in 'yarki mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a bar jiƙe-jiƙe a kai ta asibiti a ranar.

Da wannan zafi na Sakkwato, ta yaya za a ce kada a ba jariri ruwa har wata shida? Ai alhaki ne.

Wannan ita ce tambayar da kakanni suka fi yi, kuma tausayi ne ke kawo ta. Hajiya, nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma wanda ke fara zuwa a farkon tsotso ya fi ruwa-ruwa, shi ke kashe ƙishi. Ko a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, jaririn da ake ba nono duk lokacin da ya nema ba ya bukatar ƙari. Wadda za a cika wa kofi ita ce uwar. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, duk ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, ga kuma ƙwayoyin cutar gudawa da ke biyo ruwa da cokali.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ɗorawa, wanda wasu ke matsewa su zubar suna cewa ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko da yaro ke samu. A sa jariri a nono cikin awar farko da haihuwa. Shayarwa kuma ta ci gaba har shekara biyu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma likitoci ma a kan haka suka tsaya. Zuma a dakata da ita sai yaro ya shekara, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba.

Bayan wata shida me za a fara ba shi?

A nan ne yara da yawa suke fara zamewa. Ana ba su koko mai ruwa-ruwa wanda yake zuba daga cokali kamar ruwa, cikinsu ya cika, jikinsu bai samu komai ba. Kunun yaro ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, hatsi ya fi yawa, waken suya ya bi masa, gyaɗa kaɗan. A riƙa ƙara garin busasshen kifi ko garin zogale ko ɗan manja. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 zuwa 3 a rana ban da nono, daga wata 9 sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani.

A ba shi kwanonsa shi kaɗai, wani babba ya zauna da shi. Ɗan shekara ɗaya da aka haɗa akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Haka nan tsokar da ke cikin miya, al'ada ta ce ta maigida ce, alhali wanda ya fi kowa bukatarta a gidan shi ne wannan ɗan ƙaramin da uwarsa mai shayarwa. Magidancin da ya tsaya wurin mai tsire ya ci shi kaɗai kafin ya shiga gida, ya yi wa kansa hisabi. Batun cewa ƙwai na sa yaro sata ko ya hana shi magana da wuri kuwa, zance ne kawai.

Dalilin nacewa a kan wannan shekaru shi ne kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa da tsawo suke kafuwa. Tsumburewar da ta auku a nan da wuya ta gyaru daga baya. Binciken 2018 ɗin nan ya samu kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi.

Yaya ake gane tamowa tun ba ta yi nisa ba?

Yaro ya rame, fatar cinya da ɗuwawu ta yi yaushi, gashi ya yi ja ya yi laushi, ya daina wasa, ya ƙi abinci. Wani kuma kumbura yake yi, har a ɗauka ƙiba ce: a danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, tamowa ce mai tsanani. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani tsiri mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, haɗari ne, ɗorawa gargaɗi ne, kore lafiya. Uwa ma tana iya koyon awon.

Abincin leda na gyaɗa da madara da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa magani ne, kowace leda tana ɗauke da kalori 500, kuma an lissafa adadin ne daidai nauyin yaron. Raba shi da sauran yara ko kai shi kasuwa cin amanar mara lafiya ne. In gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a dakatar da nono ko abinci.

Mu a Sakkwato muna da shaidar inda tamowa ke kaiwa. Asibitin Yara na Noma da ke cikin gari, wanda aka buɗe a 1999, yana karɓar yaran da wata cuta da likitoci ke kira noma ta cinye musu kumatu da leɓe. Takan fara da gyambon dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa da ƙyanda suka raunana, cikin 'yan kwanaki ta huda fuska. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ramammen yaro mai warin baki da dasashi na jini, kada a kwana da shi a gida.

Me ke sa ƙafar yaro ta gwame?

Ƙashi bai samu kalsiyam ko bitamin D ba. Bitamin D fata ce ke ƙera shi in rana ta taɓa ta, kuma rana ba ta yi mana rowa ba, sai dai matar da ba ta fita da jaririn da kullum yake ɗaki suna iya rasa shi. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi yana taimakawa. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a wurin yaranmu rashin kalsiyam a abinci ne ya fi jawo abin. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale da riɗi duk suna da shi.

Ƙiba ba alamar hutu da lafiya ba ce?

A da, da abinci ke wuya kuma kowa ke aikin ƙarfi, an yi mata wannan kallo. Yau tumbi shi ne ƙofar ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya tana iya cinye wannan kason duka, ba a zo ga shayin safe da zoɓo da kunun zaƙi ba.

Mai ciwon suga ba a ce ya bar tuwo ya koma alkama zalla ba. Alkama ma sukari take zama a jini. Ya rage malmala, ya yawaita miyar ganye da wake, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya riƙe maganinsa. 'Yan mata masu shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don a yi ƙiba kafin biki su sani cewa da yawansu magunguna ne masu tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su jawo suga da hawan jini, su raunana ƙashi.

Ruwa nawa ya kamata a sha, musamman da azumi?

Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne. Lita biyu da ake yawan faɗa ba ta isar mai aiki a rana a bazarar Sakkwato. Fitsari ne ma'auni: in ya yi fari-fari, lafiya, in ya yi ja kuma kaɗan, a ƙara. Da azumi a rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon a tuttula shi lokaci guda. Sahur da fura da nono ko wake ko tuwo ya fi riƙe mutum a kan burodi da shayi, kuma buɗa-bakin da ya zama soye-soye da kayan zaƙi zalla shi ke sa wasu su fito daga Ramadan sun fi da nauyi. Mai ciwon suga ko ƙoda ya ga likitansa tun cikin Sha'aban.

In na sayi ƙwayoyin bitamin a kemis, ba shi ke nan ba?

Suna da wurinsu: mai ciki, mai sikila, wanda likita ya auna ya ga ya rasa wani abu. Ga mai lafiya, giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ya fi kwalbar ƙwaya. Sure da rama da tafasa da lalo da yalo da kankana, da na daji irin su magarya da kanya da ɗinya da goruba, duk suna cikin lissafi. Ganye dai kada a dafa shi har ya mutu, kuma a daina tsiyaye ruwan dahuwarsa a zubar in ba dole ba. Bitamin B12 kaɗai ne ba a samu a tsiro, sai a nono da ƙwai da nama da kifi.

Akwai abinci mai kyau da ke iya zama cuta?

Akwai biyu da ya kamata a sani. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, tana kuma hana yara girma. Wuta ba ta kashe ta. A shanya amfanin gona ya bushe sosai a kan tabarma ko leda, a tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka motse ko suke ɗaci, kuma kada a ce za a yi ƙuli ko kunun yara da su don gudun asara.

Na biyu ɗanyen nono. Madarar saniya ko raƙuma da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na dabbobi da wani zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi. A tafasa ta kafin a sha ko a kafa kindirmo, musamman in yaro ko mai ciki za a ba.